Diyyar Kafaɗar Halilu

Ranar Juma'a ce, ana saukowa daga masallaci, wasu masu babur suka tsinci Philemon Bot a bakin kwalta, daidai inda 'yar hanyar Gidan Kanya ta fito ta haɗu da titin Kabo zuwa Gwarzo. An jingina shi da gindin darbejiya. An fasa masa ƙeya, jini ya jiƙe farar rigarsa ta asibiti har ya fara bushewa. Amma abin da ya sa ɗaya daga cikin masu babur ɗin ya juya ya yi amai hannuwan Philemon ne. Duka biyun sun zube, kafaɗun sun fice daga mazauninsu, ƙashin ta dama ya turo fata yana neman hudowa. Yana numfashi, amma ko sunansa aka kira ba ya motsi.

Philemon mutumin Filato ne, shekararsa goma sha ɗaya a Gwarzo yana gashin ƙashi a wani ƙaramin asibiti. Shi ne mai koya wa waɗanda aka yi wa aiki yadda za su motsa gaɓa har ta dawo, kuma tsofaffi da yawa a ƙasar nan da hannunsa suka sake taka ƙasa. Aka sa shi a mota aka yi Kano da shi. Kafin motar ta wuce Kabo mutanen Gidan Kanya sun gama yanke hukunci, don mu nan ba ma jiran alƙali matuƙar muna da bakin magana. Halilu ne.

Halilu lebura ne a wani kamfanin fasa dutse. Wata takwas da suka wuce bel ɗin inji ya kama masa hannun riga ya fizge shi, jijiyar kafaɗarsa ta dama ta tsinke, aka yi masa aiki a Kano aka ɗinke ta. Ya shigar da takardar neman diyya, ita kuwa diyyar nan gwargwadon lalacewar hannu take, gwargwadon abin da za a ba ka. Kwamitin likitoci zai duba shi ranar Litinin. Tun da aka sallamo shi hannun yake rataye a ƙyalle, ko cokali ba a taɓa ganin ya ɗauka da shi ba. Sai ga raɗe-raɗi cewa Philemon zai rubuta wa kwamiti hannun ya warke. Halilu bai je masallaci ba ranar. Kuma a kan hanyar ga sawun takalmin but na kamfani nan ɓaro-ɓaro, duk garin kuwa shi kaɗai ke sa irinsa. Mutane suka ce ya rama ne, kafaɗa a madadin kafaɗa, har da riba.

Bayan la'asar matasa suka ɓalle ƙyauren gidansa, suka jawo shi waje ta wuyan riga. Wani ya sauke masa dutse a goshi, wani ya tattake shi a ciki. Matarsa Lauratu ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, ita ma ta sha sanda biyu a gadon baya. Da dagaci bai iso da kansa ba, da ranar an yi jana'iza. Ba son Philemon kaɗai ya tunzura su ba, har da tsoro. An taɓa baƙo, ma'aikacin asibiti, gobe motar 'yan sanda za ta zo ta kwashe mai gemu da marar gemu, don haka gara a miƙa mutum ɗaya a huta. Sufeton da ya zo daga Kabo ya yarda a bar Halilu a zauren dagaci zuwa la'asar ɗin Lahadi. Dagaci ya aika a kira Jalo.

*

Jalo tsohon Bafulatani ne daga wajen Lakwaya, siriri kamar sandarsa. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata, har ta kai ɓarayi kan ɗaura wa shanu buhu a kofato, shi kuma ya bi sawun buhun. Magana ba ta dame shi ba. Yakan ce baki yana da dangi, ƙasa ba ta da kowa.

Da hantsin Asabar ya iso gindin darbejiyar. Ya tarar da Hanna, matar Philemon, malamar firamare a Gwarzo, ta dawo daga Kano ɗaukar kaya, idanunta sun kumbura. Ta miƙo masa rigar mijinta a leda, ta ce likitoci sun yanke ta da almakashi, ba ta san ko za ta yi masa amfani ba. Ya karɓa, ya yi mata jaje, ya sa ledar a aljihu, sannan ya kori 'yan kallo da sanda ya shiga 'yar hanyar.

An yi ruwa daren Alhamis, ba a ƙara ba, dawa kuma ta yi tsayi ta rufe hanyar hagu da dama, don haka ƙasa ta riƙe komai. Jalo ya bi sawun but ɗin da baya-baya. Kusa da kwalta mai but ɗin yana tafiya ne da baya, yana jan mutum, diddigen wanda ake ja sun shata layi biyu. Layin ya karkace gefe ɗaya, alamar da hannu ɗaya ake jan. Can gaba, a bakin wani kwalbati, ga gurbin gwiwa biyu sun lume a taɓo, ga busasshen amai a gefe. Daga nan zuwa ciki kuma babu ja. Sawun ya nutse sosai, na dama ya fi na hagu zurfi, taku gajere-gajere. Jalo ya daɗe a tsugunne a wurin, don abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Mutumin nan ya saɓo kaya mai nauyi a kafaɗar dama, ya yi tafiya mai nisa da shi, a bakin kwalbatin wani abu ya same shi ya durƙushe, sannan ya ƙarasa da ja.

Inda abin ya faru yana tsakanin wasu bishiyoyin marke biyu. Igiya ta goge ɓawonsu daidai ƙirjin mai babur. Babur ɗin Philemon na kwance cikin dawa, ga dutse da gashi a manne. Tsakiyar wurin masu zuwa kallo sun tattake shi, sai Jalo ya tofa yawu ya zage su ciki-ciki, ya koma gefe-gefe inda wawaye ba sa dubawa. A nan ya ga gurbin zaman mutum sau biyu, ɗaya a dama da inda Philemon ya kwanta, ɗaya a hagu. Ya ga sawun ƙafa ba takalmi, ta hagu tana buga yatsu huɗu kawai. A gindin wani kututture kuma ya ga abin da bai taɓa gani a wurin ta'asa ba: sawun takalmin roba guda biyu, a jere daidai wa daida, marasa zurfi, irin na takalmin da babu kowa a ciki.

Ya zaro rigar ya shimfiɗa a kan ciyawa. A ƙarƙashin kowace hammata akwai tambarin taɓo, zagaye, girman diddige. Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ga masu duka da masu sara iri-iri a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin wanda zai fasa kan mutum sannan ya tsaya ya cire takalmi ya jera ba.

*

Bai wuce zauren dagaci ba, gidan Halilu ya fara. Lauratu ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida tana tafiya a karkace saboda dukan jiya. Ya ce a ɗaki yake so ya zauna. Tana shiga ta je ta tsaya a jikin bangon da ke bayan ƙofa, ta ƙi gusawa, shi kuma ya zauna yana kallonta har ta gaji da kanta ta gusa.

A jikin bangon akwai wata 'yar hanya da yatsu suka goge, ta yi santsi, ta tashi daga daidai ƙugu ta hau sama. A gefenta an ja layuka da gawayi, ɗaya bisa ɗaya. Jalo ya miƙe ya ɗaga sandarsa. Layin ƙarshe ya wuce kansa da kamu ɗaya.

Sai ta zube ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Wata huɗun farko Halilu ko yatsa bai motsa ba, don Sharfaddeen, mutumin da ke cika wa leburori takardun diyya, ya ce masa duk motsi ɗaya ragin kuɗi ne, kuma kamfani na ba da katin waya ga duk wanda ya ɗauko hoton mai neman diyya yana ɗaga ko da buta. Hannun ya sandare, ya fara shanyewa. Magidanci ya koma cin tuwo da hagu a gaban 'ya'yansa, ya daina zama cikin mutane. Ita ce ta je Gwarzo a ɓoye ta roƙi Philemon. Shi kuma ya zaɓi Juma'a, lokacin da maza suka tafi masallaci gari ya yi tsit, ya riƙa zuwa yana sa Halilu ya tako bango da yatsu, duk sati ya ja layi inda ya kai. A ɗaki hannu na warkewa, a waje yana rataye.

"Baba, don Allah kada ka faɗa," in ji ta. "'Ya'ya huɗu gare mu. Kamfani ba za su mayar da shi aiki ba, ko ya warke. Litinin ɗin nan ita ce ta rage mana."

Jalo ya ce ya ji. Bai yi mata alkawari ba.

Halilu na zaune a lungun zauren dagaci, goshi ya haye, gumi na tsattsafo masa duk da ba a zafi. Jalo ya gaishe shi, ya tambayi jiki, ya zauna kusa da shi ya karanta masa abin da ƙasa ta ce tun daga marke har kwalta. Da ya zo kan kwalbati sai Halilu ya katse shi.

"Ban san abin da kake faɗa ba, Baba."

"Ƙasa ta ce kai ka ɗauko shi. Ba ta ce kai ka doke shi ba. Amma in na faɗi rabin farko na tsaya, mutane za su ƙarasa da kansu. Wa ka tarar a wurin?"

Halilu ya juya fuska bango. Jalo ya kai hannu zai taɓa ƙyallen, kafin ya taɓa, Halilu ya yi wata ƙara da ta sa kajin dagaci suka watse. Wannan ba ƙarar mai ƙarya ba ce, kuma tsohon ya tashi ya fita da nauyi a zuciyarsa.

*

Kowa ya ce in ba Halilu ba ne to Sharfaddeen ne, don sati biyu da suka wuce an ji shi a ƙofar asibiti yana cewa Philemon zai ga abin da ya fi gashin ƙashi zafi. Jalo ya same shi a rumfarsa ta Kabo, ƙato mai tumbi, ga takardu ga turare. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafafunsa ya san ba shi ba ne, ƙafar kamar faranti. Kuma ranar Juma'a a sahun gaba ya yi salla, liman ma shaida ne. Amma mai tsoro ba ya rasa surutu. Sharfaddeen ya shiga wanke kansa da yabon kansa, ya ce shi mutumin alheri ne, leburori uku ya riƙe wa takarda kafin Halilu, duka ukun cikakkiyar diyya suka samu. Jalo ya nemi sunayensu.

Mafi kusa a cikinsu Zulkifli ne, a wani ƙauye wajen Durun. Ya same shi zaune a ƙofar gida kusa da wani babur da aka lulluɓe da bargo. Da kuɗin diyya ya saye shi, shekara biyu ke nan, bai taɓa tuƙa shi ba. Hannunsa na dama ya ƙanƙance ya koma kamar na yaro, yana lilo a cikin riga. Jalo ya tambaye shi ko aikin da aka yi masa ne bai yi kyau ba. Ya ce aiki ya yi kyau, har ya fara ɗaukar fartanya, sai ana saura sati kwamiti ya zauna abin ya dawo. Jalo ya tambayi yadda ya dawo. Zulkifli ya ce ƙaddara, ya tashi ya shige gida ya bar baƙo a zaune, abin da mutumin kirki ba ya yi sai kunya ta kai masa wuya.

Da safiyar Lahadi Jalo ya ga gara ya nemi masanin ƙashi ya nuna masa rigar. Duk yankin kuwa babu kamar Nata'ala maɗori, wanda ake kawo masa karaya tun daga Kara. Dattijo ne mai fara'a, mai zama a sahun gaba a kowane ɗaurin aure. Jalo ya tarar an kawo wani manomi da ya faɗo daga amalanke kafaɗarsa ta goce, an kwantar da shi a tsakar zaure yana nishi. Nata'ala ya yi wa Jalo maraba ya ce ya ɗan jira.

Sai ya zare takalmansa na roba, ya sunkuya ya jera su daidai wa daida a gefe. Ya zauna a ƙasa kusa da majinyacin, ya yi bisimilla, ya cusa diddigensa cikin hammatar mutumin, ya kama wuyan hannun da hannu biyu, ya kwanta da baya ya ja. Ƙashi ya yi ƙas ya koma. Jalo ba kafaɗar yake kallo ba. Yana kallon ƙafar hagun maɗorin, inda ƙaramin yatsa ya hau kan ɗan'uwansa ya zauna, ba ya taɓa ƙasa.

Da aka gama Nata'ala ya tambaye shi abin da ke tafe da shi. Jalo ya ce gwiwa ce ke damunsa in an yi ruwa. Ya karɓi ƙullin magani, ya yi godiya, ya bar ledar rigar a aljihu.

*

Da la'asar ƙofar dagaci ta cika. Ga Sufeto da 'yan sanda biyu, ga Sharfaddeen, ga Zulkifli da aka aika wa ya zo. Kamfanin fasa dutse ma sun turo wakili, wani matashi mai tabarau da littafi a hannu, don sun ji sunan mai neman diyyarsu a cikin magana. An gayyato Nata'ala a matsayin dattijo da zai yi wa jama'a bayanin irin raunin. Tun azahar Jalo ya sa aka share filin aka yayyafa masa ruwa, ya ce saboda ƙura. Duk wanda zai gaida dagaci kuwa sai ya cire takalmi ya tako.

Aka fito da Halilu aka zaunar. Jalo ya miƙe ya yi bayani a taƙaice. Ya ce an ɗaure igiya, an fasa kai da dutse, sannan wanda ya yi ya cire takalmi ya jera, ya zauna a dama ya fitar da kafaɗa ɗaya, ya zagayo hagu ya fitar da ɗayar. Ya shimfiɗa rigar ya nuna tambarin diddige a hammata biyu. Ya ce bayan nan wani bawan Allah ya kai mai raunin bakin titi, bai faɗi suna ba. Sannan ya taka zuwa tsakiyar filin ya zagaye wani sawu da bakin sandarsa. Yatsu huɗu.

Mutane suka bi sawun da ido har inda mai shi yake zaune. Nata'ala ko gezau bai yi ba. Ya yi murmushi ya ce shekara talatin yana mayar da ƙashi mazauninsa, yau kuma makiyayi ya zo ya ce yana fitarwa. Ya ce babu dajin da ba ya shiga ba takalmi neman saiwa, sawunsa na ko'ina, taɓo kuma taɓo ne, ba ya da suna. Wasu dattawa suka gyaɗa kai, don da yawansu ƙafar da suke takawa shi ya ɗora ta.

Sufeto ya duba agogo. Ya ce shi sawu ba ya tsayawa a kotu ya rantse, kuma in sawu ne, na but ma yana wurin, shi ne har bakin titi. Ya tambayi Jalo wane ne bawan Allahn. Jalo ya dubi wakilin kamfani, ya dubi Lauratu da ke tsaye can bayan mata ta dafe baki da mayafi, ya sunkuyar da kai. Tun da yake bai taɓa riƙe abin da ƙasa ta faɗa masa ba sai ranar. Sufeto ya ce to a sa wa Halilu ankwa. Nata'ala ya kai hannu ga takalmansa yana kallon Halilu, kallon da ke cewa ka san abin da na sani.

Halilu ya dafa bango da hagu ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni na ɗauko shi," in ji shi, yana duban dagaci. "A kafaɗar nan ta dama. Hannuna ya warke tun wata biyu, Malam Philemon ne ya warkar da shi. Ranar Laraba na je wajen Baba Nata'ala, don Sharfaddeen ya ce in je a mayar mini da hannun yadda kwamiti za su gani su yarda, shi Baba Nata'ala kuma a ba shi kasonsa. Muka sa Asabar. A wurin bakina ya suɓuce, na ce masa Malam Philemon ya lura mutum uku sun warke sun sake lalacewa ana saura sati, ya ce zai kai magana gaba. Juma'a na ga bai zo ba, hankalina ya ƙi kwanciya, na bi hanya. Na tarar da Baba Nata'ala a zaune, ƙafarsa a hammatar Malam. Na ji ƙarar da kunnena. Ya dube ni ya sa takalmansa, ya ce in na buɗe bakina shi ma zai buɗe nasa."

Zulkifli ne ya fara motsi. Ya sunkuya ya ɗauki kujerar tsugunno da hannunsa mai lafiya, ya taka kamar mai zuwa gaisuwa, ya sauke ta a bakin Nata'ala. Haƙora suka zubo a kan farar riga. Ya ɗaga zai ƙara yana cewa shi ma haka aka yi masa, a zauren maɗorin, da bisimilla. Matasan da suka fasa goshin Halilu shekaranjiya su ne suka fara rufar wa maɗorin da ƙafa da duwatsu, don irinsu ba ruwansu da wanda ake duka muddin ana duka. Sai da ɗan sanda ya harba bindiga sama sau biyu aka janye Nata'ala, kunne ɗaya a yage, aka jefa a bayan mota. Sharfaddeen ya nemi sulalewa ta bayan rumbu, aka kamo shi aka haɗa su.

Da ƙura ta lafa dagaci ya sanar da jama'a cewa Hanna ta bugo waya daga Kano. Philemon ya buɗe ido, kuma likitoci sun ce da ya ƙara awa ɗaya a cikin dawar nan, gawa za a ɗauko. Mutane suka shiga yi wa Halilu sannu, har da masu dutsen.

Wakilin kamfani ya jira suka gama, don yaro ne mai ladabi. Ya matso ya gaida Halilu, ya tambaya ko ya ji daidai, cewa ya saɓi babban mutum a kafaɗar dama tun daga marke har kwalbati. Halilu ya ce haka ne. Ya rubuta. Wakilin ya ce ko hannun ya kai wata biyu da warkewa. Halilu ya ce haka ne. Ya rubuta. Sannan ya ciro waya ya ce don a rufe fayil cikin sauƙi, ya kwance ƙyallen ya ɗaga hannun a ɗauka.

Lauratu ce ta kwance masa, don yatsun hagunsa sun kasa ƙullin. Kafaɗar ta kumbura ta yi baƙi har wuya. Ƙyallen na sakinta hannun ya faɗo ya bugi cinyarsa. Halilu ya cije, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya keto masa, ya yi iya ƙoƙarinsa. Yatsun suka ɗan motsa, hannun bai tashi ko kamu ɗaya ba. Jalo ya ce wa wakilin ɗinkin ne ya ɓalle a bakin kwalbati, ya ga gurbin gwiwarsa da idonsa. Matashin ya ce ya gode, Baba, amma kwalbati ba wurin aikin kamfani ba ne, kuma sun saba ganin hannun da ke ƙin tashi in an kunna waya. Ya rufe littafinsa ya hau mota.

Jama'a suka watse sallar magariba. Jalo ya tsaya a gaban Halilu ya roƙe shi ya yafe masa, da ya san inda sawun zai kai da ya ce wa dagaci ba ya jin daɗi.

"Ba laifinka, Baba," in ji Halilu. "Wata biyu ina ƙaryar hannun ya mutu, kowa ya yarda. Yau ya mutu da gaske, ba mai yarda."

Ya sunkuya ya tallabo hannun da hagunsa ya rungume shi a ƙirji, ya ce wa Lauratu ta ɗaure masa.